Zauren Kwamfuta: Waya Tana Kama Waifai, Laftop Ta Ƙi

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan makon bakinsu ya zo ɗaya: waifai ba ya ja a laftop. Na ware uku da zan zauna a kansu, sai wasu gajeru a ƙarshe. Kafin mu shiga, ku riƙe abu guda. Intanet gaɓa biyu gare shi kafin ya iso gabanka: daga ƙarfen sabis zuwa rauta ko MiFi (na'urorin da ke watsa waifai), sannan daga rautar zuwa kwamfutarka. Sandunan da kake gani a kusurwar laftop labarin gaɓa ta biyu kawai suke bayarwa. Yawancin kuɗin da nake ganin ana zubarwa a shagona da shagunan maƙwabtana a nan kewayen Ahmadu Bello Way a Jos, na waɗanda ba su tsaya sun gano a wace gaɓa ciwon yake ba ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos. Mu huɗu muke haɗa kuɗi muna sa wa MiFi ɗaya data. Wayata tana kama waifai ɗin cif ko daga tsakar gida, amma laftop ɗina sai na ajiye MiFi ɗin a gefenta sannan take nuna sanda biyu. Da na shiga ɗaki na gaba sai ta yanke. Ta hannu ce, amma da ba haka take ba. Tun da gilashinta ya fashe aka canja mini wani abin ya fara. Ga furojet ya taso ni gaba. Wata ƙawata ta ce bairos ne, in kai a yi mata fomatin. Don Allah mene ne gaskiya?
Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yarda a yi mata fomatin. Bairos na iya cinye data, yana iya sa kwamfuta nauyi, amma ba ya rage nisan da take jiyo waifai. Za ki biya kuɗi, a goge miki abin da kika tara na furojet, ki dawo gida da sandunanki biyu.

Ai ke da bakinki kin faɗi inda gizo ke saƙar: tun da aka canja gilashi. Eriyar laftop ba a ƙasa take wajen madannai ba kamar yadda ake zato. A yawancinsu cikin murfi take, can sama bayan gilashin, hagu da dama da kyamara. Wasu 'yan faranti ne sirara guda biyu manne a jikin murfin, kowanne da wayarsa, ɗaya baƙa ɗaya fara, kaurinsu bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Wayoyin suna gangarowa ta gefen gilashi, su kurɗa ta cikin hinji, su shiga cikin kwamfutar har kan katin waifai. Shi katin ɗan mitsitsi ne, a laftop na yanzu faɗinsa milimita 22 tsawonsa 30, kusa ɗaya ce ke riƙe da shi. A bakinsa akwai 'yan idanu biyu masu ruwan zinare, an rubuta musu 1 da 2, wasu kuma Main da Aux. Nan kan kowace waya yake hawa, in ya zauna daidai za ki ji ɗan ƙas.

Mai canja gilashi kusan dole ne hannunsa ya bi ta kan wayoyin nan. In aka kawo mini irin taki, wani lokaci ina buɗewa sai in tarar an cire su daga kan katin an manta ba a mayar ba, suna nan suna reto. Wani lokaci wajen ɗaure hinji ne aka danne ɗaya, buɗewa da rufewa ya yi ta cin ta har ta tsinke daga ciki, robar waje kuwa lafiya lau. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne a kwanto murfi sukutum daga wata laftop, kan wayarsa bai yi daidai da idon katin ba, domin na tsofaffin katuna ya ɗan fi girma, sai a ɗora a manne da salatif a rufe. A shago kuwa rauta na kan teburin mai gyara, in ya gwada a gabanki dole ta kama. Kati ko ba eriya yana jiyo abin da ke taku ɗaya ko biyu daga gare shi. Abin da kike gani a ɗakinki ke nan.

Ga yadda za ki tabbatar kafin ki kashe kuɗin keke napep. Ki danna maɓallin Windows, ki rubuta cmd, ki buɗe baƙin allon da zai fito, ki rubuta wannan ki danna Enter:

netsh wlan show interfaces

Cikin layukan da za su jero ki nemi Signal. Lamba ce cikin ɗari, kuma ta fi sandunan nan faɗin gaskiya. A ma'aunin Windows kashi 100 yana daidai da -50 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina), sifili kuma -100, wato kashi 60 shi ne -70, kuma daga nan ƙasa ne kiran bidiyo ke fara sarƙewa. Ki ajiye MiFi ɗin taku biyu daga kwamfutar. Lafiyayyar laftop za ta nuna miki 90 da wani abu. In taki ta tsaya a 40 ko 50, eriya ce. Sai ki kwantar da murfin baya kaɗan, ki jira daƙiƙa goma, ki sake bugawa, ki jawo shi gaba ki sake. In lambar tana tsalle sosai da motsin murfi, wayar ta karye a hinji.

Ki koma wajen wanda ya yi aikin, ba da faɗa ba. Ki ce masa tun da aka sa gilashi waifai ya ragu, ya duba miki wayoyin eriya a gabanki. Mai gyaran kirki zai gane nan take, in mantuwa ce aikin 'yan mintuna ne. In ta tsinke ana samun wata a kwancen laftop, ba ta da tsada, sai dai a sake buɗe murfin. Ban ba ki shawarar ki yi da kanki ba. Idon katin nan ba ya jure ƙarfi, in aka danna shi a karkace ya ɓalle, kati ya tashi aiki.

Akwai abu biyu da ya kamata kowa ya duba, ke ma ki duba tun da kyauta ne, ko da yake ban sa rai su ne maganin taki ba. Mu nan Jos rabin aikinmu kan batir muke yin sa saboda halin wuta, ita kuwa Windows da ta ga an zare caja sai ta shiga tsimi, har katin waifai ba ta bari. A Control Panel ki shiga Power Options, ki bi Change plan settings zuwa Change advanced power settings, ki nemo Wireless Adapter Settings, ki mayar da shi Maximum Performance a kan batir da kan caja duka. Wasu sababbin laftop ba sa nuna wannan layin, su sai a je Settings a sa Power mode a kan Best performance. Ɗayan kuma direban katin ne, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da shi. A ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko daga na Intel in katin nasu ne. Tarin direbobin nan da ake yawo da su a filash ana loda wa kowace kwamfuta ba tare da duba ba, na sha ganin sun jawo yankewar waifai.

Daren yau kuwa ga abin da zai fisshe ki. Ki haɗa MiFi ɗin da laftop ta kebul na USB. Yawancinsu suna ba da intanet ta nan kai tsaye, ba ruwansu da eriya. In abokan haɗin kuɗinki ba za su yarda ki tsare ta a ɗakinki ba, to wayarki da ke kamawa daga tsakar gida ta yi miki aikin, in Android ce: ki bar ta a kan waifai ɗin, ki haɗa ta da kwamfuta, ki kunna USB tethering. Sai dai kebul ɗin ya zama mai ɗaukar data, don akwai na caji zalla.

In gyaran murfin ya gagara, akwai katin waifai na waje da ake sokawa a USB. Ki sayi mai doguwar eriya, irin su Archer T2U Plus na TP-Link. 'Yan mitsi-mitsin nan da ke nutsewa a bakin rami suna da kyan gani amma ba su da nisa. Kuma ki sani kayan USB 3.0, masu shuɗin harshe, suna fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4 GHz, Intel ta fitar da bayani a kan haka tun 2012. Saboda haka kada ki jera katin da ma'ajiyar waje kafaɗa da kafaɗa, ki sa masa ɗan guntun kebul na ƙari ya nisanta.

TAMBAYA: Salamu alaikum ɗana. Ni tsoho ne, na ajiye aikin gwamnati, ina zaune a gidan da na gada. Yarana sun sa mini rauta mai layin waya a falo, cikin durowar talabijin don kada jikoki su taɓa. Ɗakina yana can baya, sai an ratsa tsakar gida. A laftop nake sauraren tafsiri, nake kuma ganin 'yata da ke aure a Abuja ta bidiyo. A falo lafiya ƙalau, a ɗakina kuwa hoto sai ya daskare, murya ta riƙa yankewa. Babban ɗana ya ce a sayo abin da ake kira busta. Na ce sai na ji ta bakinka kafin a kashe kuɗi. Allah ya yi albarka.
Daga wani dattijo, Bukuru.

AMSA: Amin Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. A dakata da sayen bustar tukuna.

Ranka ya daɗe, rauta kamar fitilar ƙwai ce, in aka kunna ta aka sa a durowa aka rufe, tsakar gida ba za ta ga haske ba. Katako kaɗai ba ya tare waifai sosai, amma durowar talabijin yawanci a ƙasa take, ga talabijin da dikoda da sitabilaiza sun kewaye ta, duk da ƙarfe a jikinsu. Ƙarfe shi ne babban mai tarewa, sai kankare mai rodi, sai dutse da bango mai kauri, sai ruwa. Madubin jikin sif ma yana mayar da shi baya, don bayan madubi shafen ƙarfe ne. Tsofaffin gidajen Bukuru da na cikin Jos kuwa ba a yi musu rowar bango ba. Lissafin kuma ba shi da sassauci, duk raguwar 3 dB a ma'aunin sigina rabin ƙarfin ne ya tafi.

A fito da ita a rataye a bango, sama da tsayin mutum. Da yawansu suna da ramuka biyu a baya don kusa, in babu a kafa mata ɗan kanta, maganin jikoki ke nan. Wurin da za a nema shi ne kusa da taga ko ƙofar falo da ke kallon tsakar gida, inda in an tsaya ana hango ƙofar ɗakinka. Filin tsakar gida ba ya cin waifai sosai, bango ne ke cinsa. A kula kada tankin ruwa ya shiga tsakani. In tana da eriya a waje a miƙar da su tsaye, domin ta gefensu suke watsawa ba ta tsininsu ba. Masu auna ɗakin da suke so da tsinin eriya, ɓangaren da ya fi rauni suka juya masa. Tun da mai layin waya ce, kusantar taga zai ƙara mata sabis ma, riba biyu ke nan.

Sannan a duba sunan da laftop ɗin ke kamawa. Rauta da yawa suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, har ka ga suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan ba shi ne 5G ɗin da MTN ta fara a 2022 ba, zangon waifai ne kawai. Na 5 ya fi gudu amma bango na saurin cinye shi, na 2.4 ya fi nisa. A falo a kama na 5, a ɗakinka na 2.4. Kiran bidiyo ba ya neman gudu mai yawa, megabit 3 ko 4 da ba sa yankewa sun ishe shi.

To, batun busta. Abin da ake sayarwa da wannan suna ɗan akwati ne da ake sokawa a soket, ya kamo waifai ya sake watsawa. Mutane suna kai shi ɗakin da waifai bai isa ba su soka, laftop ta nuna sanduna cike, su yi murna, alhali ragowar da ta iso ɗakin yake maimaitawa, hoto ya ci gaba da daskarewa. In za a sa shi, a tsakiyar hanya ake sawa, inda waifai ke da sauran ƙarfi. Kuma mai rahusar da rediyo ɗaya yake karɓa yake bayarwa, don haka gudun yana raguwa kusan rabi. Ga batun wuta, in soket ɗinsa ba ya kan inbata, ana ɗaukewa ya mutu.

In sauya wuri bai wadatar ba, abin da zan yi wa mahaifina shi zan gaya maka: a ja waya. Kebul na intanet, Cat6, yana kai mita 100 bai rage komai ba. A ɗauko shi daga bayan rautar falo, a bi bango cikin bututun roba saboda rana da ruwa da ɓeraye, a kai ɗakinka. Ko dai a soka shi a laftop kai tsaye, in ba ta da ramin akwai ɗan adafta na USB, ko kuma a sa wata tsohuwar rauta a can ta riƙa watsawa a ɗakin. Gargaɗi ɗaya Baba: tsawar damina a Filato ba abin wasa ba ce, kuma wayar da ta ratsa fili tsakanin gini biyu tana iya kwaso ta. In hadari ya haɗu a zare kebul ɗin ta kowane ɓangare. An sha kawo mini rauta da laftop da ramin kebul ɗinsu ya ƙone ƙurmus ta wannan hanya.

Akwai kuma masu tallar na'urar da ke tura intanet ta wayar wutar gida. A gidajenmu masu canjoba da janareta da inbata, wannan ɗaki a fes ɗaya (layin wuta) wancan a wani, sa'a ce kawai. Ban cika ba da shawararta ba.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da rajistar intanet, laftop 4 ne a kan rauta ɗaya mai layin 4G. Sanduna cike suke kullum. Da safe abin yana gudu, amma daga azahar zuwa dare shafi sai ya yi ta juyi, kwastoma na tsaye a kaina. Wani ya ce zai kafa mini bustar sabis a saman rufi. In saya?
Daga wani mai shago, kusa da Terminus.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Kada ka saya, kuma dalilin ba na kuɗi kaɗai ba ne. Ita wannan ba irin ta Baba na Bukuru ba ce. Sabis ɗin kamfanin waya take kamowa ta ƙara masa ƙarfi ta sake watsawa, kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi a 2021 cewa kamfanonin da ke da lasisi ne kaɗai aka yarda su kafa ta, saboda tana dagula wa maƙwabta sabis. Ban da haka ma, ba na jin ƙarancin sabis ne matsalarka. Sabis mai rauni da safe ma rauninsa yake.

Ka jira lokacin da abin ya fi taɓarɓarewa, ka buɗe baƙin allon cmd guda biyu gefe da gefe. A na farko ka rubuta ping 192.168.0.1 -t, ko dai adireshin da ke rubuce a ƙasan rautarka, na Huawei galibi 192.168.8.1 ne. A na biyu ka rubuta ping 8.8.8.8 -t. Na farko lokacin da saƙo ke ɗauka tsakaninka da rauta yake aunawa, ya kamata ya tsaya ƙasa da 10 ms (ms kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) ba tsalle. In shi yana nan daram, na biyu kuma yana haura ɗaruruwa ko yana ta nuna Request timed out, to waifai ɗinka ba shi da laifi, ciwon yana tsakanin rauta da ƙarfen sabis ko can gaba.

Ka buɗe wannan adireshin a burauza ka shiga shafin rautar. Da yawansu suna nuna lambobi biyu, RSRP (ƙarfin sabis) da SINR (tsabtarsa daga hayaniya). RSRP tsakanin -80 da -90 mai kyau ne, in ya gangara -110 sabis ya yi rauni. SINR kuwa in ya haura 10 madalla, in yana kusa da sifili hayaniya ta yi yawa. In RSRP ɗin ne mara kyau, ka kai rautar bakin taga, ka ɗaga ta sama, ka riƙa juya ta kaɗan kaɗan kana duba lambar. Wasu suna da ramuka biyu a baya na eriyar waje, wadda ake kafawa a sama a jawo wayarta ciki. Ita wannan ba ta da wuta a jikinta, ba busta ba ce.

Amma in RSRP lafiya lau yake, gudun kuma kullum a lokaci ɗaya yake mutuwa, to cunkoso ne. Ka dubi jama'ar Terminus da azahar, kowa da waya a hannu, ga masu POS a kowace kwana, duk a kan 'yan ƙarafan sabis ɗin da ke kewayen. Ba na'urar da za ka sa a shagonka ta rage su. Abin yi shi ne ka ari layin wani kamfani ka gwada a fast.com da ƙarfe biyu na rana, ba da sassafe ba lokacin da kowane layi gwani ne. Wanda ya fi jure azahar a unguwarku shi ne naka, ka riƙe ɗayan na ko-ta-kwana. Shagon da abincinsa ke kan intanet bai kamata ya rataya a layi ɗaya ba. Mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. In ka kai kuka wa kamfani ba su saurare ka ba, NCC tana da lambar ƙorafi ta kyauta, 622. Starlink ma, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, yana nan tun Janairun 2023, amma yana son sarari a sama, kuma sai ka yi lissafin ko cinikinka zai ɗauki kuɗin wata.

Duk da haka ka leƙa cikin gida. Laftop 4 in kowace ta tashi saukar da sabuntawar Windows a lokaci ɗaya, sun isa su shaƙe layi. Ka shiga bayanan waifai ɗin a kowace ka kunna Metered connection, ka mayar da sabuntawa ta zama aikin dare. Sai lambar sirri. Tun daga Android 10 duk wanda ka sa wa waifai a wayarsa yana iya nuna wa wani alamar QR ya shiga ba tare da ya tambaye ka ba. Yaron shago ɗaya ya isa ya raba wa unguwa guda. Shafin rautar yana nuna duk na'urorin da ke kai, in ka ga sun ninka naka, ka canja lambar, ka bar tsaron a WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar shiga ba tare da rubuta lambar sirri ba.

In kuwa ping na farko ne ke tsalle, wannan ma ba abin mamaki ba ne a filaza. Kowane shago da MiFi ɗinsa, kowace waya da hotspot, kuma zangon 2.4 tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Shago ɗaki ɗaya ne, ka koma zangon 5. Ni a wurina ma kwamfutar da ba ta motsawa daga tebur ba ta da hurumin zama a kan waifai. Ka sayi ɗan suwic, akwatin raba intanet ta kebul, mai rami 5 da guntayen kebul ka huta.

GAJERU

Wani matashi daga Rikkos yana tambaya ko gaskiya ne in an yanka gwangwanin lemo an sa bayan eriyar rauta yana ƙara ƙarfi. Ƙanina, ba ƙarawa yake ba, karkatarwa yake yi. Abin da zai tafi baya yake turowa gaba, saboda haka ɗan abin da ka samu, na ɗakin baya ne ya rasa. Ka gwada in kana so, ka auna da Signal kafin da bayan, ka kiyaye yatsunka.

Wata uwargida daga Gangare ta ce tun da hazo ya sauka intanet ɗinta ya yi sanyi. Hajiya, hazo ba ya taɓa waifai na cikin gida. Abin da ƙurar hunturu ke yi shi ne toshe fankar laftop, ta ɗau zafi, ta rage gudu da kanta, sai komai ya yi nauyi har da shafukan intanet. In kina jin fanka na kuka, ƙasan kwamfutar kuma da zafi, a hure ta, a daina ɗora ta kan bargo. In kina da na'urar ɗumama abinci, ita kam tana iya taɓa shi, don a kusan 2.45 GHz take aiki. Kada rauta ta zauna kusa da kicin.

Masu tambaya kan manhajojin da ke cewa suna ƙara ƙarfin waifai: babu wannan. Talla suke nuna muku suna shan datarku. Masu amfani a cikinsu su ne waɗanda ke nuna tashar da kowace rauta ke kai, don ka zaɓi wadda ba cunkoso.

Wani malamin makaranta daga Nasarawa ya ce wayarsa na ganin sunan waifai mai 5G a ƙarshe, laftop ɗinsa ba ta gani. Malam, a baƙin allon nan ka rubuta netsh wlan show drivers, ka duba layin Radio types supported. In 802.11b da g da n kaɗai ka gani, babu a, ac ko ax, katinka na 2.4 ne zalla. Ana iya canja shi in ba manne yake da allon kwamfutar ba, amma da 'yan tarkuna. Ramin tsofaffin laftop daban yake da na M.2 na yanzu. Katin Intel AX200 yana shiga yawancin masu M.2, ɗan'uwansa AX201 kuwa sai kwamfutar da aka ƙera dominsa, ga su kamarsu ɗaya a ido. Wasu tsofaffin HP da Lenovo ma ba sa karɓar katin da ba ya cikin jerin da kamfani ya amince da shi, wata ko tashi ba za ta yi ba. Ka kuma sa a duba ko wayar eriya biyu ce a ciki, don wasu masu rahusa ɗaya aka sa musu. Ka tafi da laftop ɗin wajen mai sayarwa, a sa katin a gabanka, ka ga sunan ya fito ta kuma haɗu da shi, sannan ka biya.